Na Je Ankara Na Jefa Bam da Hannuna

Na sha wuya a tafiyar nan, kuma duk wanda ya ce muku yawon buɗe ido na je, ƙarya yake yi. Kwana huɗu ina zaune a mota zuwa, kwana huɗu dawowa. Ƙafafuna sun kumbura, cikina ya ɓaci tun daga Kwatano, har yau in na sunkuya ɗaukar guga sai na dafa gwiwa kafin in miƙe. Shekarata hamsin da 'yan kai, sana'ata haƙa rijiya, kuma kafin wannan karon ban taɓa wuce Kano ba.

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A wurin mai shayi, "Ilu, yaya Gana?" A bakin kasuwa, "Ilu, wai da gaske ka tuƙa jirgi?" Na gaji da maimaitawa. Bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, amma ya isa in rubuta abin da idona ya gani. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a ƙyale ni.

Ga abin da ya tashe ni. Ɗana na fari, Ɗanlami, shekara biyar ke nan yana Ankara, babban birnin Gana. Wani mai fataucin shanu ya bi daga nan garinmu Babban Mutum, ya tsaya can yana gyaran waya. Ana nan sai wani bidiyo ya shigo gari. Ga fuskar Ɗanlami ƙuru-ƙuru, da hular ƙarfe irin ta matuƙa jirgin yaƙi. Sai jirgi ya kifa kai ƙasa, ga wani gari a cikin rairayi mai gidajen ƙasa irin namu, sai wuta ta tashi. Wani ya ɗora murya a kai, wai ga ɗan Babban Mutum ya shiga sojan Turawa yana kashe Musulmi. Mudi mai cajin waya ne ya fara nuna wa mutane da safe, kafin azahar har matan da ke cikin gida sun gani.

Na kira yaron. Sai ya yi dariya. "Baba, wasa ne fa. Na'ura ce a shagon da nake aiki yanzu." Dariyar nan ta ƙona mini rai. Da na faɗa wa mutane abin da ya ce, sai suka ce, "To da me kake so ya ce maka?"

Mutum biyu da suka yi mini maganar rijiya suka aiko a dakata. Uwarsa, Hajara, ta daina fita ko suna, abinci ma sai an matsa mata. Sai Yaya Sale ya kira ni. Shi ne babban wanmu, shi ne uba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu.

"Ilu, ka tsaya a ƙofar masallaci ka tsine masa. Ka ce ba kai ba shi. Ka wanke mu a garin nan."

Liman yana wurin, ya ce kada a yi gaggawa, addini bai yarda a yanke wa mutum hukunci a kan ji ba. Yaya ya ce, "Wane ji, Malam? Gani muka yi."

Na ce, "Yaya, shekara talatin ina aikina, ban taɓa cewa rijiya ta ƙafe ina tsaye a bakinta ba. Sai na shiga na taɓa ƙasanta."

"Gana za ka? Kai da ko Kano sai an riƙe maka hannu?"

"Zan je."

Takardar tafiya ta ci mini mako biyu ina zarya Katsina. Ranar tashi Hajara ta miƙo mini wata jaka: daddawa, kuka, yaji da ƙuli-ƙuli. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "In ka same shi a kan gaskiya ka ba shi. In ba haka ba ka zubar a hanya, kada ka dawo mini da ita."

Daga Babban Mutum zuwa Baure, Baure zuwa Daura, Daura zuwa Kano, wannan duk gida ne, ba labari. A Kano na shiga babbar bas ta Legas. Allah ya haɗa ni kujera da wani Malam Buba, Bafulatanin Gombe, mai sayar da maganin gargajiya a Lome. Mutumin nan bakinsa ba ya hutawa. Kafin mu kai Zariya ya gano ina da basir, da sanyin ƙashi, da wata cuta da ban taɓa jin sunanta ba, kuma duk maganinsu yana cikin jakarsa. Na yi kuskure na nuna masa bidiyon. Ya kalla sau biyu ya girgiza kai.

"Malam Ilu, ni na san jirgi. Wannan na gaske ne."

Na ce ya ba ni wayata. Ban ƙara yi masa magana ba sai Kaduna.

Direban bas ɗin ba ruwansa da lokacin salla. A wurinmu tun da aka kawo shari'a, direba ko bai so ba zai tsaya in fasinja sun yi magana. Wannan kuwa na buga jikin mota na buga, ko waiwaye. Sai a wani gidan mai muka haɗa azahar da la'asar a guje, yana ta danna mana oda. A Jeba na ga kogin Kwara. Ni da nake haƙa gaba ashirin kafin in ga laima a bakin diga, ga ruwa nan yana ta tafiya abinsa ba mai kula shi. Na daɗe ina kallo, har Malam Buba ya ce ko ban da lafiya ne, yana da maganin hakan ma.

Legas ba ni da abin cewa a kanta. Hayaniya ce da wari da mutanen da ba sa amsa sallama. Na rungume jakar Hajara a ƙirji, na bi bayan Malam Buba har muka sami motar Gana.

A iyakar Seme aka tambaye ni wani kati mai ruwan ɗorawa, wai shaidar allurar shawara. Ba wanda ya faɗa mini wannan a gida. Aka kai ni wani ɗaki, wata mata ta ce in naɗe hannun riga. Na ce ba namiji ne a wurin? Ta ce akwai, ya tafi cin abinci, in ina so in jira shi motata ta tafi. Na naɗe. Hannun ya yi kwana biyu ban iya ɗaga shi sosai ba.

Ƙasar Benin, giya a fili suke sayar da ita kamar lemo, mata suna tuƙa babur da goyo a baya, man fetur kuma a manyan kwalabe a bakin titi. A Kwatano yunwa ta sa na ci wata miya mai yauƙi da ƙaguwa a ciki. Malam Buba ya ce halal ce, abin ruwa ne. Halal ce, amma cikina bai karanta wannan babin ba. Sau uku na tsayar da mota kafin iyakar Togo, fasinja suna zagina da Faransanci.

A iyakar Togo wata mai kaki ta ce in buɗe jakar Hajara. Da ta kwance ƙullin daddawa wari ya tashi, na ce shi ke nan, za a ƙwace. Sai na ga ta kai hanci tana lumshe ido, ta kira 'yar'uwarta, suna ta magana. Malam Buba ya ce wai 'yar arewacin ƙasar ce, rabonta da mai kyau irin wannan tun tana gaban uwarta. Na ɓalli curi ɗaya na ba ta don kaina. Ta ɗaure mini sauran da hannunta, ɗaurin da ya fi na farko kyau.

A Lome Malam Buba ya sauka. Ya tura mini wani ƙullin gari a aljihu, ya ce na ciki ne, kyauta. Ya kuma ce, "In ɗan naka sojan ne, kada ka yi masa faɗa a gaban manyansa, bindiga gare su." Garin dai ya yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba.

Mun shiga Ankara da yamma. Ɗanlami yana tasha yana jirana. Ya yi ƙiba, ya tara ƙasumba. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya kai hannu zai karɓi jakar. Na janye.

"Kada ka taɓa. Kai ni wurin jirgin."

"Baba, an rufe shago. Sai gobe. Ka zo ka huta."

Unguwarsu Nima sunanta, Hausawa ne fal. Ɗaki ɗaya suke su uku, shi da abokansa biyu, suka bar mini katifa suka koma baranda. Mai gidan wata Hajiya Mariya ce, ta ce kakanta Bakatsine ne. Hausa take yi, amma Hausar kamar an wanke ta an shanya, mace ma "ya zo" suke ce mata. Ta aiko mini da wani tuwon masara mai tsami naɗe a ɓawo, da soyayyen kifi da baƙin yaji. Na ci loma biyu na ce tuwon ya kwana. Ɗanlami ya ce haka ake cinsa, da gangan ake tsamama shi. Da safe ta aiko da koko da ƙosai, nan muka shirya da ita.

Ranar Asabar ce. A hanyarmu ta zuwa shagon muka tarar an tare titi da rumfuna, mutane cikin baƙi da ja, ana kiɗa ana rawa, an buga hoton wani tsoho a riguna. Na ce wa ake aurarwa? Ɗanlami ya ce jana'iza ce, kuma mamacin ya yi wata uku a ɗakin sanyi ana shirin wannan rana. Mu kafin rana ta karkata mun rufe namu mun dawo zaman makoki. Ƙasarsu ce, gawarsu ce.

Shagon yana saman wani ƙaton gini mai shaguna da yawa a ciki. Akwai wata matattakala mai tafiya da kanta. Ɗanlami ya ce in ɗora ƙafa kawai. Na ce ƙafata ba ta mutu ba, a nuna mini ta mutane. Muka zagaya ta baya.

To ga jirgin da ya hana matata cin abinci. Kan jirgi ne kawai, ba fiffike, ba wutsiya, bai kai tsawon akori-kura ba. An kafe shi a ƙasa a kan ƙafafun ƙarfe da noti. A gabansa manyan allunan talabijin sun zagaye shi, a cikinsu ga sama ga gajimare. Na zagaye shi sau biyu. Na ƙwanƙwasa jikinsa. Na kwanta na leƙa ƙarƙashi. Na ga wata wayar wuta ta fito, na bi ta da hannu har jikin bango.

"Cire wannan," na ce.

Ɗanlami ya dubi mai shagon. Wani tsoho ne ɗan Gana mai furfura, Kyaftin suke ce masa, wai da jirgin fasinja yake tuƙawa kafin ya yi ritaya. Ba ya jin Hausa, amma ya gane. Ya zo da kansa ya kashe abubuwa, ya zare wayar. Sama ta mutu. Gajimare ya mutu. Baƙin gilashi kawai da fuskata a ciki.

Na nemi kujera na zauna. Na yi hamdala a zuci. Amma fushina bai tafi ba, sai ma ya ƙaru.

"Mayar. Ka shiga ka yi abin da ka yi a bidiyon, in gani."

Ya shiga, ya sa hular, ya yi. Garin nan ne dai, rairayin nan, gidajen nan, wutar nan. Ya ce shi ya ɗauki bidiyon don tallar shago, masu kuɗi da 'ya'yansu suke zuwa yana koya musu, bai san wanda ya ɗora muryar ba.

"Fito," na ce. "Ni zan yi."

"Kai, Baba?"

"In na koma na ce na gani, za su ce an rufe mini ido. Fito."

Aka cire mini hula aka sa mini tasu, aka ɗaure ni da bel kamar buhu a kan amalanke. Sanda ɗaya a tsakanin gwiwoyina, wata a hannun hagu ta ƙara gudu da ragewa. Ɗanlami ya tsaya a bayan kafaɗata. Shi ya ɗaga jirgin ya kai ni sama, sannan ya sakar mini. Kujerar tana motsi tana karkata, har miyar Kwatano ta so ta tuna da ni.

"Baba, bam iri biyu ne. Akwai mai ido, wanda ake nuna masa wuri ya bi har can. Wannan da ke ƙarƙashinka makaho ne. Da ka sake shi, kai da shi sai kallo. Ka ga rumbun can na ƙarfe a gefen gari? Shi za ka jefa."

Ya ɗaga wani maɓalli, ya ce yanzu bam ya farka. Ya ce in rage gudu, in tura sanda gaba in kifa hancin jirgi, fikafikai su daidaita kada ɗaya ya fi ɗaya. A ɗan gilashin da ke gaban idona wani koren zare ya sauko, da 'yar da'ira a ƙarshensa.

"Ka ɗora zaren a kan rumbun. Da'irar za ta riƙa hawa tana matsowa. Da ta taɓa shi, ka danna jan maɓallin da ke ƙarƙashin babban yatsanka, ka ja sanda ka tashi."

Na ji shi, amma ban yarda ba. Ni da zare da dutse nake auna rijiya tun kafin a haife shi. In kana so dutse ya faɗa tsakiyar rami, sai ka tsaya daidai saman ramin ka saki. Da'ira ta zo ta taɓa rumbu, ga rumbu can gaba da nisa. Ɗanlami yana "Yanzu! Baba yanzu!" Na yi banza da shi. Na jira sai da rumbun ya shige ƙarƙashina, na danna.

Suka nuna mini inda ya faɗa. Can bayan gari, cikin rairayi, ko akuya ba zai firgita ba.

"Na'urarku ta karkace," na ce.

"Baba, kai a bakin rijiya a tsaye kake. Nan gudu kake yi, bam ɗin ma da gudunka yake fita. Ka taɓa jefa ɓawon rake daga mota tana tafiya? A inda ka sake shi yake sauka?"

A gaban baƙo ɗana ya koya mini faɗuwar dutse, kuma shi ke da gaskiya.

Karo na biyu na bi da'irar. Na zuba mata ido, na danna a kan lokaci, sai na tsaya ina so in ga inda zai sauka. Ƙasa tana tahowa, wata murya tana ihu da Turanci a kunnena, Ɗanlami yana "Ja! Ja sanda!" Ni kuwa ƙasa ba ta taɓa ba ni tsoro ba, cikinta nake wuni. Allo ya yi ja, kujera ta girgiza ta tsaya.

"Baba, ka rasu."

"Ubanka ne ya rasu," na ce, sannan na tuna ni ne uban. Da aka fassara wa Kyaftin sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

Karo na uku na yi komai yadda aka ce. Na kifa, na daidaita, zare a kan rumbu, da'ira tana hawa. Hannun da aka yi wa allura ya ɗan yi nauyi, jirgi ya karkata kaɗan, na gyara, na danna, na ja sanda. Jinkirin bai fi numfashi ɗaya ba. Da suka juyo mini da hoton, rumbu yana nan tsaye lafiya. Gidaje uku na kusa da shi ne babu. Akwai wata bishiya a tsakar gida ɗaya, tana ci da wuta.

Na cire hular.

"Baba, ba kowa a ciki. Zane ne."

"Na san zane ne, ni na bi wayar har bango. Na gaske ma haka yake kuskurewa?"

Ya ce, "Irin wannan makahon, e. Iska kaɗan, ko jinkiri kaɗan."

"To wannan ne kake ce mini wasa kana dariya a waya? Ka ɗauki hoton gari irin na uwarka kana zuba masa wuta, ka watsa wa duniya, sannan ka yi mamaki don mutanen garinku sun tsorata? Ba su yi daidai ba, amma kai ma ba ka da hankali."

Na tambaye shi ko na'urar ba ta da wani wuri sai gari. Ya ce akwai fili, daji ne kawai da tsofaffin motoci da aka zagaye da farin fenti. Na ce daga yau can zai riƙa kai mutanensa, kuma ya sauke wancan bidiyon. Ya juya ya yi wa Kyaftin magana, suka daɗe. Tsohon ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya miƙo mini hannu. Gaisuwarsu da ƙas ɗin yatsa ake ƙarasa ta, nawa yatsan ya ƙi yin ƙara.

Sai na ce a ɗauke ni bidiyo, amma yadda ni nake so. A fara daga ƙofar shago, a nuna mai sayar da takalma na maƙwabta, a nuna ƙafafun ƙarfe da noti, a nuna wayar bango, sannan a zo kaina. Na faɗi sunana da na ubana da na garinmu. Na hau, na kifa, na jira da'ira, na danna, na ja. Sau biyu ina kuskure. A na uku wata tsohuwar tirela ta tashi sama ta dawo gunduwa-gunduwa. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi, kuma jin daɗin bai yi mini daɗi ba.

Da na sauko na ɗauki jakar na miƙa wa Ɗanlami. "Ga saƙon uwarka."

Ya kwance, warin daddawa ya cika shagon mutane. Ya juya fuskarsa bango ya daɗe a haka. Na fita na tsaya ina kallon takalma.

Kwana uku na ƙara. Ya kai ni bakin teku, ban shiga ba. Ya saya mini abin da suke kira wake, shinkafa da wake ce tamu aka yi mata ja aka tara mata tarkace a kai. A kan wannan abincin na ce masa ya haɗa kayansa mu koma tare, mutane su gan shi da idonsu.

"In koma in yi me, Baba? Haƙa rijiya? Kai da bakinka ka ce masu burtsatse sun cinye aikin."

Da wani ne ya faɗa mini haka da mun yi rigima. Na ci gaba da cin wakena. Sana'arsa ba ta burge ni ba, har yanzu ba ta burge ni ba. Amma ba sata yake yi ba, bai bar salla ba, Hajiya Mariya ta ce shi yake tashin sauran da asuba. Na ce ya zauna, amma ya riƙa kiran uwarsa duk Juma'a.

Dawowa irin zuwa ce, sai dai ba Malam Buba, ba jaka, kuma ban ci komai a Kwatano ba. Na sauka Babban Mutum bayan la'asar. Na fara shiga gida na miƙa wa Hajara wayar. Ta kalla, ta dubi hannuna ta ga ba jaka, na ce ya karɓa. Ta tashi ta hura wuta.

Daga nan na wuce ƙofar gidan Yaya Sale. Yana kan tabarma da mutane biyar ko shida, har da Mudi mai caji. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi wayar. Suka haɗa kai suka kalla tun daga mai takalma har tirela. Wasu suka yi dariya. Yaya bai yi ba.

"Haɗi ne," ya ce. "Yanzu ba abin da ba a haɗawa a waya."

"To Yaya, na farkon fa? Shi ba a haɗa shi ba?"

"Wancan kowa ya ga gaskiya ne."

"Ni ne fa a ciki. Ga rigar nan a jikina."

"Sun kai ka inda suke so ka gani, sun ɓoye maka na gasken. Ko kuma ɗa ya yi maka daɗin baki. Ni maganata tana nan. Gobe da asuba mutane suna jiranka a masallaci, na riga na faɗa musu za ka yi magana."

Na ce to, Allah ya kai mu.

Washegari masallaci ya cika fiye da kullum, har waɗanda asuba ba ta saba ganinsu ba. Da aka sallame na tashi na tsaya a bakin ƙofa, kowa ya zauna. Ɗan fari ne, Ɗanlami laƙabi ne kawai, tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa kama sunansa na yanka ba, ko a ɗaki. Ran nan na kama shi da ƙarfi, yadda na sahun baya zai ji.

"Abubakar ɗana ne. Na je na gani, na hau, na jefa da hannuna. Allah ya yi wa Abubakar albarka. Allah ya yi masa albarka. Allah ya yi masa albarka."

Liman ya ce amin. Mutum uku ko huɗu suka bi shi. Yaya Sale ya sunkuyar da kai yana jan carbi, bai ce ba. Na jira shi kaɗan, bai ɗago ba. Na juya na tafi gida na ɗauki igiya da diga.